Taifot Ya Huda Hanjin Yaro a Zariya: Tiyatar Hannu ko ta Mutum-mutumi?

Yadda aka kawo shi

Yaron ɗan shekara 14 ne, ɗalibin ƙaramar sakandare, daga wani ƙauye da ke kan hanyar Zariya zuwa Soba. Bayan sallar isha'i aka shigo da shi sashen gaggawa, kwance a bayan a-kori-kura, kansa bisa cinyar mahaifiyarsa. Na sakaya sunansa da na iyalinsa da na asibitin, domin abin da nake so a duba shi ne shawarar da aka yanke a wannan dare, da gardamar da ta kusa hana a yanke ta.

Zazzaɓi ya fi mako biyu yana cinsa kafin su zo. An sayo maganin maleriya a kemis, ya sha, jiki bai yi sanyi ba. Aka kai shi wani ɗan ɗakin gwaji aka yi masa gwajin Widal, aka ce taifot ne, aka rubuta kafso. Ya sha na 'yan kwanaki, kuɗi suka yanke, aka koma jiƙe-jiƙe. Kwana uku kafin zuwansu, cikin dare, ya ƙwalla ƙara ya dafe mararsa ta dama. Daga nan ciki ya shiga kumbura, bayan gida ya tsaya cak, ko tusa ba ya yi, amai ya koma kore shar.

Da muka duba shi, idanu sun faɗa, harshe ya bushe ƙamas, hannu da ƙafa sun yi sanyi ƙalau. Zuciya tana bugawa sau 138 a minti ɗaya, awon jini ya sauka zuwa 80 bisa 50, numfashi sama-sama. Ciki ya ɗaure tam, ko'ina aka taɓa sai ya zabura. Na ɗora abin sauraro a kai, shiru, babu motsin hanji. Hoton ƙirji da aka ɗauka yana zaune ya nuna wata siririyar baƙar lanƙwasa a saman hanta, ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Iska ce. Kuma iska ba ta isa wurin nan sai in wani abu ya huje.

Ƙwayar cutar taifot, Salmonella Typhi, ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata take shiga. Takan samu mazauni a wasu ƙulle-ƙullen garkuwar jiki da ke bangon ƙarshen ƙaramin hanji, ta kumbura su har su zama gyambo. A mako na biyu zuwa na uku gyambon kan ɓule, abin da ke cikin hanji ya riƙa tsiyaya cikin ciki. Duk likitan fiɗa da ya yi aiki a Arewa ya san wannan ciwo ciki da bai, musamman ga yara 'yan makaranta. Bitar da aka yi wa rahotannin asibitocin Afirka ta nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar da hanjinsa ya huje ta wannan hanya ba ya tashi.

Sa'o'in farko

Jama'a sukan ɗauka cewa a irin wannan hali da gudu ake wucewa da maras lafiya ɗakin tiyata. Wanda aka sa wa maganin barci alhali jijiyoyinsa sun bushe, zuciyarsa na iya tsayawa tun ba a taɓa fatarsa ba. Saboda haka sai an fara farfaɗo da shi. Muka kafa masa allura mai kauri a kowane hannu, ruwa ya riƙa shiga da sauri. Aka zura roba ta hanci zuwa tumbi, nan take wani koren ruwa mai ɗoyi ya fara cika leda. Aka sa robar fitsari, abin da ya fito bai fi cokali uku ba, ja wur. Aka ba shi magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ceftriaxone da metronidazole, ta jijiya, aka ɗaura masa oksijin. Gwaji ya nuna jininsa ya yi ƙasa, gishirin fotasiyam ma ya ragu, aka shiga gyara shi. Baffansa da wani maƙwabcinsu suka tafi ɗakin ɗiban jini suka ba da leda ɗai-ɗai.

Abin da muke jira shi ne fitsari ya fara zuwa, bugun zuciya ya lafa, yatsu su yi ɗumi. Wannan yakan ci sa'a huɗu zuwa shida. Idan aka gaza haka maganin barci ya zama haɗari, idan aka zarce kuma guba ta ci gaba da shiga jini. A cikin wannan ɗan tsakani ne mahaifin ya miƙo mini waya.

"Likita, ga yayan uwarsa, Alhaji, daga Abuja. Shi zai ɗauki nauyin komai. Don Allah ka yi masa bayani."

Alhaji ya gaishe ni da mutunci, sannan ya ce, "Likita, don girman Allah kada ku farke yaron nan kamar rago. Ni da kaina an yi mini aiki a Indiya bara waccan. Mutum-mutumi ne ya yi, 'yan ƙofofi kawai aka huda, kwana uku ina yawo da ƙafata. Ku riƙe shi da ruwa da allura zuwa safe, zan turo mota. Ko Legas ne ko Masar, ko nawa ne zan kashe."

Maganar nan ba ta rashin sani ba ce. Mutum ne da ya ga amfanin abu a jikinsa, yana kuma son ɗan ƙanwarsa ya samu mafi kyau. An cire masa furostet, wato ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, saboda cutar kansa, wato ciwon daji, kuma a irin wannan aiki na'urar ta yi suna da gaskiyarta. Na ce masa, "Alhaji, Allah ya saka da alheri. Aikinka an shirya shi makonni kafin ranar, ka shiga da ƙafarka, zuciyarka lafiya lau, cikinka tsaf. Wannan yaron kwana uku ke nan kashi ke zuba a cikinsa. Ko asibitin da aka yi maka naka aka kai shi a halin da yake yanzu, buɗe shi za su yi."

Batun tafiya kuwa ba ya ma tasowa. Daga Zariya zuwa Legas ya haura kilomita 800 a mota. Jiragen da muke gani suna shawagi a saman Palladan na kwalejin koyon tuƙin jirgi ne, ba sa ɗaukar fasinja, sai an dangana da Kaduna ko Kano ko Abuja. Ga shi iskar da ta maƙale a cikin ciki takan ƙara buɗewa idan jirgi ya yi sama. Ga biza, ga fasfo da yaron bai taɓa mallaka ba. Ba na jin da zai wuce azahar ɗin washegari.

Mahaifin ya shiga tsaka mai wuya. Manomi ne, kuɗin aikin a hannun surukinsa suke, kuma ba ya son ya tsallake maganar babba. Ya riƙe biro ya kasa sa hannu. Babban likitanmu ya iso ya karɓi wayar, suka daɗe suna magana. Can sai Alhaji ya yi tambayar da ta sa na zauna rubuta wannan nazari: "To Likita, da a ce na'urar tana nan Zariya, a ɗakin da ke kusa da ku, za ku yi wa yaron nan aiki da ita?" Babban likita ya ce a'a. Mahaifiyar, wadda tun shigowarsu ba ta ce uffan ba, ta dubi mijinta ta ce, "Malam, ka sa hannu. Ni na haife shi, ina ganin yadda yake tafiya." Ya sa. Alhaji ya turo kuɗin kafin mu gama wanke hannu.

Me ya sa aka ce a'a

Na'urar da Alhaji ke nufi ba ita ke yin aikin da kanta ba. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce da Vinci, ta kamfanin Intuitive Surgical da ke Kalifoniya, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a shekarar 2000. Likita ne ke zaune a wani teburi a gefen ɗakin, ya kifa fuskarsa a madubin hange, yana juya wasu 'yan maƙallai da yatsunsa, hannayen ƙarfe huɗu da ke tsaye a kan maras lafiya suna kwaikwayon motsinsa. Kayan aikin suna shiga ta ƙofofin da ba su kai santimita ɗaya ba. Likita yana ganin komai ya ninka girmansa kusan sau goma, da zurfinsa da faɗinsa, bakin almakashi yana lanƙwasa fiye da wuyan hannun mutum, kuma na'urar tana tace rawar hannu. A lungu mai ƙunci irin ƙasan mara, inda hannun likita ba ya juyawa da kyau, wannan babbar ni'ima ce: jini kaɗan ke zuba, ciwo kaɗan, zaman asibiti gajere. Har daga nesa an taɓa yi. A watan Satumba na 2001 Farfesa Jacques Marescaux yana zaune a birnin New York ya cire maɗaciyar wata mata da ke kwance a Strasbourg ta Faransa, da wata na'ura mai suna ZEUS. Amma matar nan an zaɓe ta ne a natse, ga kuma cikakkiyar tawagar likitoci tsaye a kanta.

Matsala ta farko ga yaronmu ita ce iska. Kafin na'urar ta ga wani abu sai an hura iskar kabon a cikin ciki har bangonsa ya ɗaga, a samu fili. Wannan matsi yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, yana tura tantanin ƙirji sama ya takura huhu, kuma wani ɓangare na iskar yana narkewa cikin jini ya ƙara masa tsami. Mai lafiya yakan jure wannan ba tare da wata damuwa ba. Yaron da muka kwashe sa'o'i muna lallaɓa jininsa daga 80 zuwa 100, wanda guba ta riga ta tsamama masa jini, hura masa iska na iya zama abin da zai ƙarasa shi.

Ko da zuciyar ta jure, ina filin? Hanjinsa ya kumbura ya cika ko'ina, ya yi taushi, ya manne da juna. Ƙarfen farko da za a soka yana iya huda wani wurin. Sannan aikin ba a lungu ɗaya yake ba. Na'urar ta fi ƙwarewa idan an saita ta ta fuskanci wuri guda, alhali a nan sai an bi ƙarƙashin hanta, bayan saifa, cikin mara, da tsakanin kowace naɗin hanji ana fasa mugunya ana wankewa. Ga lokacin jawo na'urar, rufe hannayenta da leda mai tsafta, da ɗaura su. Idan kuma zuciya ta tsaya ana tsakiyar aiki, sai an kwance ƙarafan nan an janye su kafin a samu damar danna ƙirji.

Ba ra'ayinmu ne mu kaɗai ba. Ƙungiyar likitocin tiyatar gaggawa ta duniya, WSES, ta fitar da matsayarta kan wannan batu a farkon 2022. Taƙaitaccen abin da ta ce shi ne ana iya amfani da na'urar a wasu ayyukan gaggawa, amma ga maras lafiyar da aka zaɓa da kyau, wanda jininsa da bugun zuciyarsa suke daidai, a hannun tawagar da ta saba da ita. Yaronmu bai cika sharaɗin farko ba.

A ɗakin tiyata

Wajen ƙarfe uku na dare fitsari ya fara zuwa, yatsu suka yi ɗumi, likitan sa barci ya ce a shigo da shi. Aka tsaga tsakiyar ciki daga saman cibiya zuwa mara. Ana buɗe tantanin ƙarshe iska ta fito da wani wari da takunkumi ba ya tarewa. Injin tsotsa ya zuƙe fiye da lita guda na mugunya gauraye da kashi. Babban likita ya ɗago hanjin ya fara binsa taƙi bayan taƙi, hannu yana miƙa wa hannu, tun daga sama har zuwa inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba. Kusan santimita 20 kafin mahaɗar muka ga hujin, bai fi kan ɗan yatsa ba, gefensa ya yi baƙi.

Bai tsaya nan ba, ya ci gaba da bi. Kaɗan sama da hujin sai ya dakata, ya matsa hanjin tsakanin babban yatsa da manuni, ya ce in taɓa. A ido wurin ja ne kawai, kamar sauran. A yatsa kuwa bangon ya siraɗe, saura ƙiris ya ɓule. Da an bar shi, bayan kwana biyu ko uku sai mu sake buɗe yaron, kuma wanda aka buɗe sau biyu a wannan ciwo damarsa ta ragu ƙwarai. Galibin na'urorin da ke aiki a duniya yau ba sa isar wa likita da jin taɓawa. Da ido yake kimanta tauri da taushi. Sai a 2024 aka amince da sabon samfurin da Vinci 5 mai mayar wa hannun likita wani abu na nauyin abin da yake ja. Ina fata wannan fasaha ta ci gaba, amma a daren nan yatsu biyu ne suka gano huji na biyu tun bai faru ba.

Aka datse ruɓaɓɓen gefen hujin, aka ɗinke shi a gicciye hawa biyu don kada hanyar ta tsuke, aka naɗe wurin da ya siraɗe da ɗinki. Aka wanke cikin da ruwan gishiri mai ɗumi, lita bayan lita, har ruwan da ke dawowa ya yi garau. Aka sa robar tsiyayar da ruwa a mara, aka rufe bangon ciki da zaren nailan mai ƙarfi, fatar kuma aka yi mata ɗinki tsilla-tsilla saboda mun san za ta iya yin ruwa. Aikin bai kai sa'a biyu ba. Leda ɗaya ta jini ta shiga ana aiki, ɗayar da safe.

Abin da Alhaji ya ji tsoro

A kwana na huɗu yaron ya yi tusa, mahaifiyarsa ta zo da sauri ta gaya wa sista, domin an sanar da ita cewa wannan ce alamar hanji ya farka. Aka fara ba shi ruwa kurɓi-kurɓi, sannan koko mai ruwa-ruwa. A dare na biyar nas ɗin da ke aikin dare ta lura zazzaɓi ya dawo, bugun zuciya ya hau. Ba ta jira zagayen safe ba, ta kira mu. Ciki a sake yake, babu alamar ɗinkin hanji ya saki, amma ƙasan tsagar ta yi ja ta kumbura. Muka warware zare huɗu, mugunya ta fito. Daga ranar kullum sai an wanke ciwon an cusa auduga mai zuma, yaron yana cije leɓe yana riƙe da ƙarfen gado. Sai da nama ya taso ja aka sake ɗinkewa. Ya yi sama da mako uku a asibiti, jarrabawar zango ta wuce shi, mahaifinsa ya bar gona a tsakiyar aiki.

Wannan shi ne farashin tiyatar buɗe ciki, kuma ba daidai ba ne mu likitoci mu riƙa yin kamar babu shi. Ruwan ciwo, fashewar ɗinki, dogon tabo, doguwar jinya, duk gaskiya ne. Da an kawo yaron cikin sa'o'in farko na hujewar, jininsa bai faɗi ba, hanji bai kumbura ba, da ana iya tunanin yi masa aiki ta 'yan ƙofofi. Ko a nan ɗin ma abin da za a fara ɗauka shi ne lafaroskofi, wato kyamara da dogayen kayan aiki da likita ke riƙewa da hannunsa, wadda tuni ake yi a asibitocin koyarwa da dama a ƙasar nan, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na mutum-mutumi ba. Fifikon na'urar a kan lafaroskofi ma bai fito fili a kowane aiki ba. Binciken ROLARR da aka wallafa a 2017, kan mutum 471 masu kansar ƙarshen babban hanji a ƙasashe 10, bai samu wani bambanci tabbatacce ba a yawan waɗanda dole ta sa aka koma buɗe cikinsu ana tsakiyar aiki.

Kiran da nas ɗin nan ta yi ya fi tsaya mini a rai. Binciken sakamakon tiyata a Afirka da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2018, wanda ya bi marasa lafiya 11,422 a ƙasashe 25, ya gano cewa duk da mutanenmu sun fi ƙuruciya kuma ba su cika zuwa da tarin cututtuka ba, haɗarin mutuwarsu bayan tiyata ya ninka na matsakaicin duniya sau biyu. Yawancin mace-macen a kwanakin bayan aiki suke faruwa, a kan gado, lokacin da matsala ta taso babu isassun idanu da za su gan ta da wuri. Tun a 2015 kwamitin da mujallar ta kafa ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa samun tiyata mai aminci da za su iya biya, ya kuma ce ma'aunin shi ne mutum ya iya isa, cikin sa'a biyu, asibitin da ke iya yin ayyuka uku: buɗe ciki, fiɗar haihuwa, da gyaran karayar da ƙashi ya fasa fata. Yaronmu yana zaune a wurin da bai kai tafiyar sa'a ɗaya ba, amma kwana uku ya yi da huji a hanji kafin ya iso.

Na'ura guda takan ci dala miliyan ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, biliyoyin naira ke nan, ban da kuɗin kulawa na kowace shekara, ban da almakasai da ƙarafan da ke ƙarewa bayan an yi aiki da su sau ƙalilan, a sake sayowa da dala. Tana buƙatar wutar da ba ta ƙiftawa da injiniya a kusa. Duk da haka ina son ta zo. Afirka ta Kudu ta fara amfani da ita tun 2013, wani asibiti mai zaman kansa a Legas ya fara aikin furostet da ita a 2025, kuma kamfanonin Ingila da Indiya da Sin sun shigo kasuwar da nasu samfuran, abin da zai iya sassauta farashi. Zariya, garin da ya daɗe yana horar da likitocin fiɗa, wanda asibitin koyarwarsa ya koma mazauninsa na Shika a 2005 yana karɓar marasa lafiya daga jihohin maƙwabta, ya cancanci ɗalibansa su koyi wannan aiki a gida, dattawa irin su Alhaji kuma su huta da zuwa Indiya. Sai dai ranar da ta zo, a rubuta a fili su wa za a yi wa aiki da ita: masu kansar furostet, masu kansar ƙarshen hanji, matan da za a cire wa mahaifa, duk a ranar da aka tsara. Kuma kada kuɗinta ya fito daga kason ma'ajiyar jini, oksijin, gadajen kulawa ta musamman da albashin nas-nas na dare, domin da waɗannan aka ceci yaron nan. Allurar rigakafin taifot ta zamani, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2017, ƙasashe irin su Laberiya da Zimbabuwe da Malawi suka sa ta cikin rigakafin yara, da rijiyar da aka nisanta da masai, su ne za su rage yawan yaran da ke isowa teburinmu.

Bayan sallama

Wata biyar da sallamarsa aka dawo da shi ganin likita. Ya yi ƙiba, ya koma makaranta. Amma a ƙasan tabon, daidai inda ciwon ya yi ruwa, akwai wani kumburi da ke fitowa in ya yi tari, ya koma in ya kwanta. Naman bangon ciki ne bai haɗe ba a wurin, hanji ke turowa. Ba abin gaggawa ba ne, amma yana buƙatar gyara, galibi da raga da ake shimfiɗawa a ƙarfafa wurin. Alhaji ya zo da kansa a wannan karon. Muka gaya masa cewa irin wannan gyara yana cikin ayyukan da ake yawan yi da mutum-mutumi a Amurka, ana yin sa da lafaroskofi, ana kuma yin sa da hannu a nan Zariya, kuma yanzu yana da lokacin da zai yi tambaya, ya kwatanta kuɗi, ya zaɓa. Ya shawarci mahaifin yaron, suka tsayar a yi a nan, idan an yi hutun ƙarshen shekara. Kafin nan an hana shi ɗaukar buhu da jan guga, an kuma gaya wa mahaifiyarsa cewa duk ranar da kumburin ya ƙi komawa, ko ya yi ciwo da amai, a kawo shi a daren, kada a biya ta kemis.